Inuwa Kuku da Kifi Mai Nono

Duk wanda ya yi aikin gida a Nassarawa a shekarun da kuɗin mai ya yi ambaliya a ƙasar nan, zai tuna Inuwa Kuku. Gajere ne, kakkaura, kullum cikin farar riga mai maɓallai da wata hula da ta sha jiki. Mutumin kirki ne, wannan ba a ja. Ba ya ɗauke-ɗauke, salla ba ta wuce shi, ƙarya kuwa sai 'yar ta fariya. Aibinsa guda ne, kuma ya ishe shi: ba a yabon wani a gabansa bai ji haushi ba.

A wani ƙauye na bakin kogi a ƙasar Haɗeja aka haife shi, gidan masunta. Tun bai iya ɗaure tazugen wando ba yake kwanciya a kan gora ya bi ubansa cikin ruwa. Ya san tarwaɗa da karfasa da kurungu yadda mutum ya san 'yan ɗakinsu, ya san inda gaiwa take shigewa cikin laka ta cinye rani ba ruwa. Wata shekara damina ta yi gardama, kogi ya janye, ya tattara ya shigo Kano. Ya fara da wanke-wanke a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa, ya koyi girki da kallo, har ya zama kuku. Da Baturen ya koma ƙasarsu, wani ɗan kasuwa, Alhaji Sanusi, ya sayi gidan da itatuwan mangwaronsa da firjinsa da kukunsa gaba ɗaya.

Alhaji ya ɗauko mahaifiyarsa daga tsohon gidansu ya kawo ta, wai ta huta. Sunanta Hajiya Maimuna, amma kowa Hajiya Babba yake ce mata. Ita kuwa ba ta ga hutu a unguwar da maƙwabci ba ya jin tarin maƙwabcinsa ba. Katanga, furanni, motoci, shiru. Abin da ya hana ta tattara kayanta shi ne ta tarar kukun gidan mutumin ƙasarsu ne, don ita ma Bahaɗejiya ce.

Daga nan wata al'ada ta kafu. Kowace Juma'a, in an sauko daga masallaci, Inuwa zai kawo mata tuwon shinkafa da miyar ɗanyen tarwaɗa, da daddawa da yakuwa, irin ta can gida. Ba ya aiken kowa, da kansa yake ɗaukowa. Ya ajiye a barandarta, ya zauna a gefen tabarma, tana ci yana ba ta labarin kogi: shekarar da ruwa ya ci kasuwa, kadan da ya addabi masu wanki, ranar da ake buɗe kamun kifi gari ya fito kaf. Ita ta sa masa suna Sarkin Ruwa. Ko ubansa bai taɓa riƙe wannan sarauta ba, amma Inuwa ya karɓe ta hannu biyu. Ba shi da gona, ba shi da gidan kansa, matarsa da 'ya'yansa suna ɗakin haya a Gama. Abin da ya mallaka a duniya wanda ba na kowa ba, shi ne wannan zama na Juma'a da wannan suna.

Direban gidan kuwa Shu'aibu ne, wani dogon Bakatsine mai yawan dariya. Kowa ya san tsakanin Bakatsine da Bahaɗeje akwai wasa, ba a fushi. Shu'aibu zai leƙo kicin ya ce, "Baba Inuwa, yau kuma me aka ƙona mana?" Inuwa ya ce, "Abin da ko a mafarki ba ku ci a Katsina." A yi dariya a watse. Haka suka zauna lafiya lau, har lokacin da Alhaji ya yi odar sabuwar Marsandi ya tura Shu'aibu Ikko ya taho da ita.

Shekarar ce jiragen siminti suka cunkushe tashar ruwa, kaya suka ƙi fitowa. Shu'aibu ya tafi da niyyar kwanaki, ya share watanni. Da ya dawo, ya dawo da mota mai sheƙi, da wando mai faɗin ƙafa, da rediyo mai kaset, da labarai buhu-buhu. Da la'asar sakaliya masu gadi da direbobi da masu ban ruwan furanni na layin sukan taru a gindin darbejiyar ƙofar gida. Da can, in hira ta gangaro kan ruwa, Inuwa ake kallo. Ran nan ba wanda ya kalle shi.

"Ku bar batun jirage," in ji Shu'aibu. "Abin da na gani a bakin teku, da wani ne ya ba ni labari da na ce ya sha wani abu. Kifi ne ruwa ya turo gaɓa ya mutu. Tsayinsa, ku ɗauki tirela ku ƙara mata Marsandin nan. Mutane suka yi masa ca da gatura da adduna. Namansa ja wur kamar na shanu, jini kuwa har ruwan gaɓar ya rine. Ba ɓawo a jikinsa ko ɗaya, sumul yake. Kitse sai ka nutsa hannu har gwiwa kafin ka tarar da tsoka. Hancinsa kuma a tsakar ka yake."

Idi mai gadi ya ce, "A tsakar ka fa ka ce?"

"A tsakar ka. Wani ma'aikacin jirgi ya ce mini Turawa wel suke ce masa. Sai ya taso sama ya shaƙi iska sannan ya koma. Kuma wadda na gani mace ce. Da aka farke ta nono ya tsiyayo, fari, mai kauri kamar kindirmo. Shayar da ɗanta take yi."

Inuwa ya ja tsaki. Ya ce, "Bakatsine ya ga ruwa ya rikice. Ku da ruwanku bai wuce na guga ba." Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba, kowa ya sake juyawa wajen Shu'aibu yana neman ƙari.

Abin haushin, Inuwa ya san maganar ba ta rasa tushe ba. Ubansa ya taɓa zuwa cin rani Binuwai, ya dawo yana ba su labarin ayu, dabbar da ke zaune cikin ruwa, tana tasowa shan iska, tana rungume ɗanta tana ba shi mama. Da wani ne ya kawo labarin nan, da Inuwa ne zai fara gyara zama ya ce ai ruwa ya wuce sanin mutum. Amma daga bakin Shu'aibu ya fito, mutumin da ko iyo bai iya ba. Kishi ne, ba wani abu ba. Masu cewa kishi na mata ne ba su taɓa zama da ma'aikatan gida ɗaya ba.

Labari ya shiga cikin gida. Ranar Juma'a Inuwa ya kai miya kamar kullum, ya zauna, ya buɗe baki zai fara, sai Hajiya ta ce a kira mata direba. Shu'aibu ya zo ya durƙusa, ya sake kwararo labarin tun daga farko, har da ƙarin gishiri. Hajiya ta riƙe loma a hannu ta manta da ita. Inuwa yana kallon miyarsa tana hucewa, man yana daskarewa a gefen kwano.

Can ta juyo ta ce, "Sarkin Ruwa, kai ka taɓa ganin tekun nan?"

Ya ce, "Ban taɓa ba, Hajiya."

Shu'aibu ya ce, "Ai Hajiya, sarautar tasa ta kududdufi ce."

Wasa ne irin wanda suka saba, ya faɗi fiye da haka sau ba adadi. Amma Hajiya ta yi dariya, dariya ta gaske, har tana share ido da bakin mayafi. Inuwa ya ji kamar an watsa masa ruwan barkono a ƙirji. Ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi a gabanta ba sai ta sallame shi.

"Hajiya, a cikin ruwa aka yanke mini cibiya. Kifi ƙwai yake yi, ya watsar ya tafi abinsa. Wallahi tallahi, in har akwai kifin da ke shayar da ɗansa nono a duniyar nan, hannuna ba zai ƙara taɓa kifi ba."

Ta ce, "Kai Inuwa, daga wasa sai rantsuwa?" Ya kwashi kwanuka ya fita. A ransa ya ɗauka magana ta ƙare, don wa zai ɗauko teku ya kawo Kano a duba?

Ashe kuwa akwai mai kawowa. Ba a daɗe ba aka buɗe gidan talbijin a Kano, Alhaji ya sayo akwati ƙato mai ƙofofin katako ya girke a falo. Yakan bar taga a buɗe da yamma don ma'aikata su yi kallo daga baranda. Wata ranar, kafin magariba, aka sa wani shiri na Turawa kan dabbobin teku. Hajiya tana kan kujerarta, kusa da ita jikarta Raliya, wadda ta zo hutu daga jami'a a Zariya, tana fassara mata. Inuwa ya fito da tiren shayi, ya tsaya cak a bakin ƙofa.

Ga shi nan, baƙi da fari. Wata halitta mai girman tsiya ta taso, ta fesa tururi daga tsakar ka, ta nutse. A gefenta ga ƙarami yana manne da ita, yana cusa kai ƙarƙashin cikinta.

"Ga shi can yana shan nono, Hajiya," in ji Raliya.

Kowa ya juyo ya kalli Inuwa. Shi kuwa idonsa na kan wutsiyar. Ya yi shekara da shekaru yana kallon kifi a ruwa, ya san wutsiyar kifi a tsaye take, dama da hagu take kaɗawa. Wannan tata a kwance take kamar faifai, sama da ƙasa take bugawa, bayanta yana lanƙwasa irin na doki in yana sukuwa. Kallo ɗaya ya yi ya gane wannan ba kifi ba ce. Dabba ce ta zaɓi zama a ruwa, 'yar'uwar ayun da ubansa ya gani.

Raliya ta ci gaba da fassara. Ta ce mai bayanin ya ce huhu gare ta kamar akuya, in aka danne ta a ƙasan ruwa ta daɗe, mutuwa za ta yi kamar yadda mutum ke nutsewa, alhali kifi daga cikin ruwan yake samun numfashinsa, fito da shi ne ajalinsa. Ta ce haihuwa take yi, ba ƙwai ba, kuma jininta da ɗumi ko a ruwan ƙanƙara. "Shi ya sa ya ce kuskure ne a kira ta kifi."

Ƙofa ta buɗe wa Inuwa ke nan, faɗi-faɗi. Da an ba shi ɗan lokaci, da shi da kansa zai ce, "Na gaya muku." Amma Shu'aibu ya riga shi. Ya leƙo ta taga, fuskarsa ba wasa, ya ce, "To Hajiya, ashe Baba Inuwa ne da gaskiya. Ya ce babu kifi mai nono, kuma babu. Ni ne na kira ta kifi don jahilcina. Rantsuwarsa ba ta kama shi ba."

Hajiya ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Shu'aibu. Kai dai ɗan halak ne, ka san girman manya."

Wannan albarka ita ta ɓata komai. Inuwa ya hango Juma'o'in da ke gabansa: zai dafa kifi, ya kai, ya zauna, kowa ya san da alfarmar Bakatsine yake zaune. An ba shi gaskiya, amma Shu'aibu aka sa wa albarka. Ya ajiye tiren a hankali ya ce, "Kifi ne."

Raliya ta ce, "Baba Inuwa, ai yanzu aka ce..."

"Na ji abin da aka ce. Abu yana cikin ruwa, ba ƙafa, ga wutsiya, kifi ne. Na rantse, rantsuwa ta kama ni. Ba na son a yi mini sadaka da gaskiya."

Ya faɗa yana sane da cewa ba haka ba ne. Mutum ya rantse kan ƙarya don ya tsira, wannan an saba gani. Amma ya kafe kan ƙarya don ya hana kansa tsira, sai Inuwa.

Alhaji ya ji, ya yi dariya, ya ce a tambayi liman. Liman ya ce rantsuwar ba ta karye ba, kuma ko da ta karye, ya dafa kifinsa ya ciyar da miskinai, shi ke nan. Alhaji ya ce ga sito nan, ya ɗebi shinkafa. Inuwa ya yi godiya, bai ɗiba ba. Jira yake Hajiya ta kira shi, ita da shi, ta ce Sarkin Ruwa na yi kewar miyarka, ba tare da sunan Shu'aibu ya shigo ciki ba. Hajiya kuwa ta ce ita ba za ta roƙi wanda ya miƙe tsaye a kanta ya yi rantsuwa ba. Mutanen gari ɗaya ne, taurin kansu ma ɗaya.

Sai Juma'a ta koma kamar sauran ranaku. Ya dafa kaza, ya dafa naman rago, Asabe mai aikin cikin gida ta kai. Daga tagar kicin yakan hango Shu'aibu a gefen tabarmar nan, yana ba da labarin gadoji da jirage. Wani lokaci Shu'aibu ya tsaya a Sabon Gari ya sayo mata soyayyen kifi a takarda. Inuwa yana jin ƙamshin ya san man ya tsufa, ya san ba a cire ɗacin cikin da kyau ba, ya cije leɓe ya ci gaba da yankan albasa. Ya rame. A gida matarsa ta gaji da tambaya ta bari. Shu'aibu ya zo ya ba shi haƙuri ya fi a ƙirga, kuma duk zuwan da ya yi sai ya ƙara wa Inuwa jin zafinsa.

Da damina ta ja baya Hajiya ta kwanta ciwo. Aka kai ta asibiti, aka dawo da ita, abinci ya ƙi shiga. Wata Laraba da yamma Shu'aibu ya shigo kicin da bokiti, tarwaɗa biyu manya suna motsi a ciki.

Ya ce, "Baba Inuwa, Hajiya ta ce miyarka take so. Da bakinta ta faɗa. Na je Wudil na samo waɗannan."

Abin da Inuwa ya yi watanni yana jira ke nan. Idonsa ya ciko. Har ya fara naɗe hannun riga, sai ya kalli bokitin, ya kalli wanda ke riƙe da shi. Saƙon ta bakin Shu'aibu ya zo, kifin na Shu'aibu ne. Gobe za a ce Shu'aibu ya je har Wudil, Shu'aibu ya shirya su.

Ya ce, "Waɗannan sun galabaita. Ba na dafa wa mara lafiya irin wannan. Gobe zan je da kaina in zaɓo."

"Baba Inuwa, da ransu fa. Kuma jikin nata..."

"Kai ka san kifi ko ni?"

Shu'aibu ya ɗauki bokitinsa ya fita.

Washegari da sassafe Inuwa ya shiga motar Wudil. Ya bi masunta ɗaya bayan ɗaya a bakin gada, yana ɗaga kifi yana mayarwa, har ya samu wanda ya kwanta masa, baƙi, mai ƙiba, mai ƙarfin wutsiya. A hanya yana ta tsara yadda zai shiga da kwano, da abin da zai ce, da abin da za ta ce. Har ya yanke shawarar zai gaya mata gaskiya, cewa tun ranar ya san dabbar nan ba kifi ba ce.

Da ya sauka ya shigo layin, ya ga motoci sun cika bakin titi, an shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. An riga an kai ta.

Ya tsaya da bokiti a hannu, kifin yana bugun gefensa. Shu'aibu ne ya taso daga cikin mutane, ya karɓi bokitin ya ajiye, ya ja shi gefe.

"Baba Inuwa, kada ka sa wa ranka damuwa. Ta sha miya jiya. Na ba Asabe ta dafa, na kai mata na ce kai ka dafa, ka huce. Ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce a gaya maka ta yafe."

Inuwa ya ce, "Ta sha?"

"Ta sha, har ta nemi ƙari."

"Ba ta ce komai a kan miyar ba?"

Shu'aibu ya yi murmushi, yana ganin zai sanyaya masa rai. Ya ce, "Ta ce hannunka bai canza ba."

Inuwa ya zauna a ƙasa, a inda yake, kan tsakuwa. Ya yi kuka kamar kowa a ranar, mutane suka ce dubi yadda yake ƙaunarta, kuma gaskiya ne. Amma ba wanda ya san rabin kukan na mene ne. Asabe ko daddawa ba ta iya sawa daidai ba.

Ya ƙara shekaru a gidan yana aikinsa ba ƙorafi, har ƙafa ta gaza ya koma Gama wajen 'ya'yansa. Shu'aibu yakan kai masa ziyara da goro, ya zauna, ya ja shi da wasan Katsinawa da Haɗejawa, Inuwa ya amsa da ka. Sau ɗaya kawai, da tsufa ya kama su duka biyu, Inuwa ya riƙe hannunsa ya ce, "Shu'aibu, don Allah gaya mini. Da gaske ba ta gane ba, ko ta gane ta yi shiru?"

Shu'aibu ya ce wallahi bai sani ba.